Akwatin Tumatir Mai Jan Ƙyalle

Duk wanda ke cefane a kasuwar Broadway, nan Baltimore, ya san Pela ko da bai san sunanta ba. Ita ce siririyar tsohuwar nan mai baƙin kallabi da ke bin rumfunan masu tumatir, tana ɗaga buhun da aka rufe akwati da shi, ta leƙa, ta mayar da shi a hankali yadda ta same shi, ta wuce ba ta taya komai ba. Tsofaffin 'yan kasuwa sun saba, wasu ma da kansu suke yaye mata buhun don ta huta da sunkuyo. Baƙo ne kawai yake daka mata tsawa, shi ma kafin mako ya zagayo wani ya ja shi gefe ya ba shi labari.

Labarin da suke bayarwa rabi ne, rabin ma a karkace. Ni Tekla gida ɗaya muka tashi da ita a lungun bayan coci, su a ƙasa mu a sama, famfo ɗaya, bayan gida ɗaya a tsakar gida. Tebur ɗaya muka tsaya a gidan gwangwani, ma'aikatar da ake zuba tumatir a gwangwani, tun muna taka akwati kafin hannunmu ya kai. Masu cewa tana da taɓin hankali su zo su faɗa a gabana. Ni mazan aure biyu na binne masu cikakken hankali, har yau ban ga abin da suka tsinana da shi ba.

Gidan su Pela irin gidan nan ne da maƙwabta ke gane ranar albashi daga ƙarar kwanoni. Babanta Ignas ɗan dako ne a bakin ruwa, ƙato, in yana cikin hayyacinsa har tsuntsun katako yake sassaƙa wa yara. Sai dai ba ya daɗewa a cikin hayyacin nasa. Uwarta Salka kuwa an ce ranar da ta sauko daga jirgin da ya kawo su daga Poland, maza har karo suke yi wajen ɗaukar mata ƙunshi. Ni ban riski wannan ba. Wadda na sani mace ce mai kumburarrun ƙafafu da kaifin harshe, wadda ta koyi shan abin da mijinta ya rage a kwalba, daga baya ta daina jira ya rage. Ta haihu har ta gaji. Wasu ƙasa ta rufe musu ido, maza biyu suka gudu tun kafin su yi gemu, ƙanana biyu kuma, su Yanek, ta riƙe musu hannu ta kai su gidan marayu na sistoci, ta ce su jira ta ranar Lahadi. Pela kaɗai ta bari a gida, don ita ta riga ta iya aiki.

Shekarar da Pela ta cika sha shida, da kaka, suka ɗauki ɗan haya kamar yadda kowa ke yi in abu ya matse. Wani ma'aikacin jirgi ne da ke jiran a gama gyaran jirginsu, yana kwana a benci kusa da murhu. Yana da fararen haƙora, kuma in an miƙa masa miya yana cewa na gode. Kada ku raina wannan. Yarinyar da ba a taɓa ce wa na gode ba, abin da zai ɗauke ta ke nan. Ya saya mata jan kallabi mai ɗigon fari, aka gama gyaran jirgi, ya tafi. Sunan da ya ba su ma daga baya aka gano ba nasa ba ne.

Da ciki ya fito, Ignas ya zare bel. Muna sama muna jin komai ta katakon ƙasan ɗakinmu, babata ta ce mu sa kai mu ci abincinmu. Abin da ya tsaya min a rai ba kukan Pela ba ne, don ba ta yi ba. Muryar Salka ce, tana daga zaune tana cewa, “Ka bar mata hannuwa, Ignas. Da me za ta yi aiki?”

Ta haihu da farkon zafi, mace, 'yar mitsitsiya mai gashi kamar na ɗan tsako. Fada ya yi mata baftisma ranar aiki, ba ranar Lahadi ba, coci wayam, ni ce na riƙe ta. Aka sa mata Ludka. Tun daga ranar Salka ba ta da wata waƙa sai ta sistoci. Da safe ta ce a kai ta, da rana ta ce baki ya yi yawa a gida, da yamma ta ce wa zai auri mai goyon shegiya. Pela, wadda tunda aka haife ta ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli uwarta ba, ta ce a'a. Sau ɗaya ta faɗa, ba ta ƙara ba. Amma daga ranar in za ta kwanta sai ta ɗaura zaren ulu daga wuyan hannunta zuwa ƙafar jaririyar. Na yi mata dariya na ce ko akuya ta haifa. Ta ce, “Ke ba ki ga ranar da aka tafi da su Yanek ba. Ni na wanke musu fuska.”

Ban taɓa ganin talaka ya mallaki abu irin yadda Pela ta mallaki yarinyar nan ba. Ba ta iya waƙar reno ba, don ba a yi mata ba, sai ta riƙa rera mata sunayen tituna. Tsummokaran goyo biyu ne da ita, kullum ɗaya na jiki ɗaya na shanya a bayan kujera. In Ignas ya shigo yana tangaɗi, ta ɗauke ta ta hayo wajenmu ta zauna a matakala har sai ta ji minsharinsa. Ta rame, idanunta suka faɗa, amma a watannin nan ne kawai na san tana da wushirya, don a lokacin ne na ga tana dariya.

Sai tumatir ya faɗo. Kowane gidan gwangwani da muryar jiniyarsa, tamu tana da shaƙaƙƙiyar murya kamar saniya mai mura, ko cikin barci muna gane ta. Jirage na isowa daga hayin ruwa da kaya, jiniya ta yi kuka, mace ta bar tukunya a wuta ta ruga, don tumatir ba ya jira kuma wurin tsayuwa ba na gado ba ne. Ana turara shi a kawo mana da zafinsa, mu ɓare fata da 'yar wuƙa mai bakin cokali, mu jefa a bokiti. Ruwansa yana cin hannu har sai yatsu sun tsattsage, ƙafa cikin jan ruwa wuni guda, tururi ya cika wurin, ƙarar injin kuwa sai kin sa baki a kunnen ta kusa da ke.

Mai goyo takan ɗauki akwatin tumatir wanda babu kowa a ciki, ta shimfiɗa tsumma, ta kwantar da ɗanta, ta ɗaura ƙyalle a hannun akwatin don ta gane nata. Sai a ba yaro ƙullin tsumma da aka tsoma a ruwan sukari da ɗan ɗigon barasa, ya tsotsa ya yi barci mai nauyi. Kowa na yi, ni ma da shi aka rene ni, ga ni nan. Akwatunan jarirai suna jere a jikin bango a bayanmu, kuma jerin yana da tsari. Na matan aure masu daɗewa a gaba, na sababbi a bayansu. Wanda babu uba a ƙarshe, da ɗan tazara. Ba wanda ya kafa wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta.

Pela ta yage gefen jan kallabin nan ta ɗaura a akwatin Ludka. Na ce, “Ke Pela, ja a gidan tumatir? Komai na nan ja ne, har heluma. Nemi shuɗi.” Ta ce shi ne kaɗai abu mai kyau da take da shi, kuma na uban yarinya ne. Na ƙyale ta.

A shekarun ne gwamnati ta fara turo masu duba ma'aikatu, wai kada a sa yara aiki, kada a ajiye jarirai cikin tururi. Magana mai kyau, sai dai wanda ya rubuta ta bai faɗi inda za mu kai su ba. Don haka muka yi namu tsarin. In an hango mai dubawa ya shawo kwana, heluma mai kula da aikinmu ya buga bokiti, yara masu aiki su tsallake ta taga, masu goyo kuma kowa ta sunkuci akwatinta ta kai rumfar baya ta bakin ruwa, inda ake tara akwatunan da aka juye kafin a mayar da su jirgi. A rufe kowane da buhu saboda ƙuda, a bar tsohuwa ɗaya tana gadi, mu dawo tebur muna ɓare tumatir kamar 'yan mata.

Ranar da abin ya faru rana ce mai zafi, babu iska ko kaɗan. Aka buga bokiti wajen tsakar rana. Muka kwashi akwatuna muka jera a rumfa, kuma ko cikin wannan gaggawar tsarin bai rushe ba, na Ludka a ƙarshe, da tazararsa, dab da tulin akwatunan wofi. Heluma ya ce Salka ta yi gadi, don ranar hannunta na rawa, ta fi ɓarna fiye da aiki. Na ga Pela ta tsaya cak. Ta dubi uwarta, ta dubi akwatin. Heluma ya ce ko ta koma tebur ko ta tafi gida gaba ɗaya. Ta durƙusa ta gyara buhun, ta bar ɗan gefe a buɗe don iska, ta biyo mu.

Mai dubawar nan sabo ne, mai son aikinsa, Allah ya saka masa. Ya leƙa ƙarƙashin tebura, ya auna tagogi, ya sha shayi da mai gida, ya dawo ya sake zagayawa. Nono ya cika wa Pela har ya jiƙe mata gaban riga. Muna ji ta bayan bango leburori na lodi da sauri, don ruwa ya fara janyewa kuma jirage na son su bi shi. Da mutumin ya hau keken dokinsa, muka ruga rumfa gaba ɗaya. Kowa ta ɗauki nata. Pela ta bi layin har ƙarshe, ba ta sami komai ba sai shatin akwati a kan ƙura. Tulin akwatunan wofi ma babu shi.

Salka na zaune a kan ganga, idanunta jajur. Pela ta tsaya a gabanta ta ce, “Mama, ina Ludka?” Ba da ƙarfi ba. Salka ta dubi ƙasa, ta dubi matan da suka kewaye ta, sannan ta gyara zama ta ce, “Tana inda ya fi nan.”

Kowa ya ji, kowa kuma ya tuna da yara biyun nan da ranar Lahadinsu. Nan take muka yanke cewa ta ba da ita, wata ma ta rantse ta ga keken doki mai rufi a bakin titi. Wannan ne abin da har yau yake hana ni sakewa. Jiragen ba su ma ɓace wa gani ba. Suna can kan ruwa, biyar ko shida, suna tafiya a hankali don iska ke tura su kuma babu ita, mai kwalekwale da ƙarfin damtse zai iya cim musu. Ba wanda ya dube su. Duk muka juya musu baya muna kallon titi, jiniya ta yi kuka, heluma ya ce tumatir na ruɓewa.

Pela ta zagaye gidajen marayu da ƙafa, ni ina biye da ita ina yi mata ɗan Turancin da na iya. Sistoci suka buɗe mana ɗakuna, ta bi gado gado. Da ɗan sanda ya zo, da mai kantin lungunmu a matsayin tafinta, Salka ta maimaita masa maganarta, ta ƙara da cewa 'yarta yarinya ce, ba miji, ba abin ciyarwa. Ya dubi ɗakin, ya dubi Ignas kwance da takalmi a ƙafa, ya ce wannan maganar cikin gida ce. Ya sa hularsa ya fita.

Ana gab da ƙare tumatir na shekarar, bayan an kwana biyu ana ruwa, wata safiya leburori na shigo da kaya sai na ji wuƙar Pela ta faɗi. Akwatin ne, cike da tumatir har baki, da jan ƙyallensa mai ɗigon fari a hannu. Ta juye shi a ƙasa, ta bi tumatir ɗin ɗaya bayan ɗaya kamar za ta ga wani abu a tsakaninsu. Babu tsumman shimfiɗa, babu komai. Ta zauna cikin jan ruwan nan da akwatin a cinya. Can ta ɗago ta ce, “Tekla, kafin a zuba tumatir, sai da wani ya fara ɗaga abin da ke ciki.” Ta kwance ƙyallen ta miƙo min. Ta ce in duba, tas yake, wankakke ne, ranar da ta ɗaura shi duk ruwan tumatir ya ɓata shi. Ta ce mace ce ta wanke shi ta mayar, kuma macen da za ta tsaya wanke ƙyalle ba za ta bar yarinya da yunwa ba.

Aka tambayi masu jirgin. Suka ce akwatuna ba su da gida, wannan jirgi ya sauke wancan ya ɗauka, matsaya ta fi ashirin a hayin, kowace da gonakinta, kuma su ba su ji an tsinci kowa ba. Heluma ya ce in ta ƙara tayar da zancen rumfar baya, ita da aiki har abada. Ta ɗauki akwatin ta tafi da shi gida, ta dire shi a gaban uwarta. Salka ta dube shi, ta ce, “To, kin dai gani. Matar wani manomi ce a hayi ke riƙe da ita. Ba ta haihuwa.” Pela ta tambayi sunan matar da sunan garin. Salka ta ce in ta faɗa Pela za ta je ta ɓata wa yarinya rayuwa, sai ranar da ta ga ta yi hankali.

Daga nan rayuwar Pela ta koma abu ɗaya. Sunan nan yana cikin bakin uwarta, don haka uwarta ba za ta mutu ba, ba za ta yi fushi ba, ba za ta kwana da yunwa ba. Ignas ya faɗa ruwa da sanyin wata shekara, aka tsamo shi bayan kwanaki, ba a yi dogon kuka ba. Ƙafafun Salka suka ƙi ɗaukarta, daga baya ido ya tafi. Pela ta yi ɓarar wake da tumatir da zafi, da sanyi ta karɓo wanduna tana ɗinkawa a gida, ta dafa, ta wanke, ta kwashe, ta juya tsohuwa a gado don kada bayanta ya yi gyambo. Wani bazawari mai aikin gyaran tarago, mutumin kirki da gidansa na kansa, ya neme ta da aure. Sharaɗinsa ɗaya, ban da Salka. Pela ta ce ya yi haƙuri. Na zage ta tas ranar, na ce wace irin jaka ce ke. Ta ce, “In na kai ta gidan gajiyayyu ta mutu a can, wa za ta gaya wa?”

Ba ta zauna jira kawai ba. Shekaru da dama takan bi masu tsinkar tumatir zuwa hayi, ta bar min tsohuwa. In an tashi aiki ta bi hanyoyin gona da ƙafa, tana tsayawa a bakin shinge tana kallon yaran mutane. Shekarar farko masu rarrafe take kallo, daga baya masu gudu, daga baya masu ɗauke da littattafai. Aka sakar mata karnuka, aka taɓa kulle ta kwana ɗaya a wani ƙauye. Ba ta da Turancin da za ta yi tambaya, kuma ko da tana da shi, me za ta ce? Fuskar da take nema watanni biyu kawai ta sani.

Ita kuwa Salka ta gane abin da ke hannunta, kuma ta iya cinikinsa. Da gutsure take bayarwa. Yau ta ce gidan na da farin shinge, bayan wata shida ta ce matar na da shanu, wata shekara ta ce akwai coci mai jan rufi a kusa. In tana son taba ko 'yar kwalba sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Kai, yau wani abu yake son dawo min, amma maƙogwarona ya bushe.” Pela, wadda ta tsani warin barasa fiye da komai a duniya, da ƙafarta take zuwa ta sayo. Na taɓa ce wa tsohuwar a bayan idon Pela, “Inna Salka, ki ji tsoron Allah. Bara kin ce shingen fari ne, bana ya zama kore.” Ta juyo da makafin idanunta ta ce, “Ba a sake fenti a garinku, uwar iya sa ido?”

Haka suka zauna a ɗaki ɗaya fiye da shekara ashirin, akwatin a ƙarƙashin gado, ƙyallen a ƙirjin Pela. Ba zan ce akwai ƙauna a tsakaninsu ba, ba kuma zan rantse babu ba. Na sha shiga in tarar Pela na taje mata kai, tsohuwar na rera waƙar ƙasarmu da ragowar muryarta, in ka gan su ka ce babu uwa da 'ya kamarsu. Sai an gama Pela ta ce a hankali, “Mama, garin da wane harafi ya fara?” Tsohuwa ta ce ta gaji, a ja mata bargo.

Ciwon ajali ya zo mata da lokacin tumatir. Da la'asar ne, na sauko da miyar kabeji, na tarar fada na ciki tana faɗa masa zunubanta. Ya daɗe. Da ya fito fuskarsa ba daɗi, ya ce wa Pela uwarta na da magana da ita, kuma ya gaya wa tsohuwar ba zai sa mata albarka ba sai ta faɗa. Na juya zan tafi, Pela ta riƙe min hannu. Ta ce in tsaya in riƙe sunan tare da ita, kada ta ruɗe ta manta. Ta karɓi kwanon miya ta zauna a bakin gado, ta fara ba ta a baki kamar kullum.

Salka ta haɗiyi cokali biyu, ta kau da kai. Ta ce, “Pela, 'yar nan. Babu wata mata.”

Pela ta ce, “Wace mata, Mama?”

“Babu mata, babu shinge, babu shanu. Barci na yi. Na zo da kwalbar babanki a cikin zani, ga zafi, na jingina da ganga. Da na farka sun kwashe akwatunan wofi, sun haɗa da nata. Ban ga kowa ba. Ban san inda ta je ba.”

Wani ƙuda na ta bugun gilashin taga. Pela ta ce, “Jiragen na kan ruwa, Mama. Da kin faɗa.”

“Da na faɗa da matan nan sun yayyaga ni, da an ɗaure ni. Na ce bari in faɗi wani abu yau, gobe in gyara. Da gobe ta yi kuma…” Ta ja numfashi da ƙyar. “Daga baya na ga yadda kike kula da ni. Ke ki faɗa min tsakaninki da Allah, da kin san ban san komai ba, da kin ba ni ko ruwa?”

Na jira Pela ta kwaɗa mata kwanon. Ni da na kwaɗa. Daidai lokacin jiniyarmu ta yi kuka daga bakin ruwa, wani jirgi ya iso da kaya, na ji ƙofofin lungu na buɗewa, mata na gudu. Pela na zaune da cokali a hannu, miyar na ɗiga a kan bargo. Sannan ta sake ɗebowa, ta hura, ta ce, “Buɗe baki, Mama. Saura kaɗan.”

Salka ta cika washegari. Pela ta yi mata wanka da hannunta, ta sa mata rigar Lahadi, ba ta zubar da hawaye ba, ba ta kuma sake ambatar sunanta ba. Ba ta ƙara zuwa hayi ba, don ba ta da shingen da za ta nema. A lokacin ne ta fara ɗaga buhunan akwatuna, da farko a bakin ruwa in jirage sun iso, daga baya da manyan motoci suka kashe jiragen, aka rufe gidan gwangwaninmu aka cire jiniyar, ta koma kasuwa. Ta san babu kowa a ciki, ba mahaukaciya ba ce. Ta ce min hannunta ne ba ya iya wuce rufaffen akwati.

Yanzu mu biyu muka rage a lungun daga cikin matan teburin nan. Da yamma muna zama a bakin ƙofa, ita da ƙyallenta, wanda jan ya koɗe har ba a bambanta shi da ɗigon. Takan ce Ludka yanzu ta yi jikoki, wataƙila tana da ƙiba, wataƙila ba ta cin tumatir. Ni kuwa wani lokaci, in iska ta taso daga ruwa, sai in ji kamar kukan jiniyar nan, in ga jiragen nan suna tafiya a hankali, mu kuma mun ba su baya. Ba na gaya mata.

Kusan kullum kafin mu tashi sai ta shimfiɗa ƙyallen a gwiwarta ta ce, “Tekla, ke kina wurin ranar da ya dawo. Ke kika riƙe shi. Wankakke ne, ko?”

Nakan ce wankakke ne, Pela, tas. Ta gyaɗa kai, ta ninke shi ta mayar ƙirji, ta shiga ciki.

Makon da akwatin ya dawo, kwana biyu aka yi ana sheƙa ruwa, kuma akwatuna a fili suke kwana a kan jirgi. Ita ma tana nan aka yi ruwan. Ba ta taɓa tayar da zancensa ba, ni ma ban taɓa ba.